A daina zura tsinke a hancin yara

A wani gidan suna a Aboabo, cikin Kumasi, na ji maganar da ta tsaya mini a rai. Wata yarinya mai ɗa ɗaya tana ba da labarin yadda ɗanta ɗan shekara uku ya cusa ƙwayar masara a hanci, suka kwana ido biyu. Kafin ta rufe baki mata sun yi mata caa da shawarwari. Wannan ta ce a lanƙwasa bakin fil ɗin ɗankwali a zaƙulo. Waccan ta ce a shaƙa masa tabar gari ya yi atishawa. Wata dattijuwa da ake ji da ita a gidan ta ce, "Haba 'yar nan, man ja kawai za ki ɗiga masa, da kanta za ta sulɓo." Asibiti bai shigo zancen ba sai can ƙarshe, shi ma a matsayin inda ake zuwa in dabara ta ƙare.

Matsayina a kan wannan a fili yake. In yaro ya cusa wani abu a hanci, kada kowa ya bi shi da tsinke, ko fil, ko ashana, ko hantsaki, ko auduga mai sanda. Dabara biyu kawai suka halatta a gida, zan zo kansu. In sun ƙi, a ɗauki yaro a tafi asibiti a ranar. Sau da yawa ɓarnar da ake gani a hancin yara tana zuwa ne daga hannun da ya bi abin don ya ciro shi, kuma hannun nan na masoyi ne: uwa, kaka, maƙwabciya, wani lokacin mai kemis na bakin layi.

Hanci ba sama ya nufa ba

Yawancinmu muna ɗaukan hanci wani ɗan rami ne da ya miƙe sama wajen ido ya tsaya. A'a. Kafar hanci a kwance take, ta miƙe kai tsaye zuwa bayan maƙogwaro, daga can kuma hanya biyu ce, ɗaya ta ciki, ɗaya ta huhu. Duk abin da ka tura baya, can ka nufa da shi. In an yi sa'a yaro ya haɗiye. In ba a yi ba, ya faɗa hanyar numfashi, kuma a lokacin magana ta tashi daga ta hanci ta koma ta rai.

Ku tuna kuma halin da yaron yake ciki. An danne shi, mutum biyu sun riƙe ƙafa, ɗaya ya riƙe kai, ana haska masa fitilar waya a ido. Yana tsala ihu, kuma bayan kowane ihu sai ya ja numfashi da ƙarfi. Wannan jan numfashin kaɗai ya isa ya zuƙe ƙwayar carbi zuwa ciki, balle ga tsinke yana tura ta.

Fatar cikin hanci kuma ba ta da juriya. Jijiyoyin jini sun taru a gaban bangon da ya raba kafofin biyu, shi ya sa haɓo ba ya wuyar zuwa. Da tsinke ya karci wurin sai jini, bayan jini sai kumburi. Abin da ake hangowa da ido da safe ya ɓace cikin jini da majina kafin azahar. Yaron da zai iya zama a cinyar uwarsa a cire masa cikin 'yan mintuna, yanzu ba ya barin kowa ya kusanci fuskarsa. Sai likita ya ce dole a sa shi barci a ɗakin tiyata. Iyaye su ce asibiti sun cika son girmama abu, alhali a tsakar gida aka girmama shi.

"Ai mun sha cirewa ba abin da ya faru"

Gaskiya ne, an sha cirewa. Ba na ƙaryata kowa. Takardar da ta leƙo waje, ko auduga da rabinta ke bakin hanci, uwa ta kama da yatsa ta ja, shi ke nan. Amma labaran da ake bayarwa a gidan suna na waɗanda suka dace ne. Wadda ta tura waken ya shige har aka kwantar da ɗanta ba ta cika buɗe baki a taro ba, kunya da zargin dangin miji sun ishe ta.

Kuma abubuwan sun bambanta. Abu mai zagaye da santsi, kamar dutsen ado, ƙwayar carbi ko gujiya, hantsaki ba ya kama shi. Duk matsawar da ka yi sai ya zille ya ƙara gaba. Shi ya sa a asibiti ba sa kama irinsa ta gaba. Akwai wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa a baki da suke wucewa da shi ta bayan abin su jawo shi waje, ko wani siririn bututu mai ɗan balo a kai da ake hurawa a bayansa, ko na'urar zuƙa. Suna yi ne da fitila a goshi, hannu biyu a sake, an naɗe yaro a zane yadda ba zai fizge ba. Fil ɗin ɗankwali da fitilar waya ba za su yi wannan aikin ba, ko da a hannun wanda ya fi kowa natsuwa.

Man ja da ruwa kuma suna da tasu illar. Wake, masara da gyaɗa 'ya'yan shuka ne, in sun sha ruwa kumbura suke yi. Duk mai dafa wake da shinkafa ta san girman waken da ya kwana a jiƙe. Haka zai yi a hancin yaro, ya cika wurin ya maƙale. Mai kuwa yana ƙara wa abin santsi, kuma santsi bai san gaba da baya ba.

Tabar gari ita ta fi ba ni tsoro a cikin shawarwarin nan. Kafin mutum ya yi atishawa sai ya fara jan iska ciki da ƙarfi. Ban da haka, taba guba ce ga ƙaramin yaro, barkono kuma ƙona fatar hancin yake yi ya ƙara kumburi.

Abin da ya halatta a gida

In yaro ya yi wayon da zai iya fyace majina da kansa, a toshe masa kafar da ba komai a ciki da yatsa, a ce ya fyace. Ƙananan da ba su iya ba kada a sa su, don maimakon su fyato sai su shaƙe.

Su ƙananan, ga dabararsu. A zaunar da yaro a lallashe shi. Uwa ta toshe lafiyayyar kafar da yatsa, ta ɗora bakinta a kan bakinsa ta rufe shi ruf, ta hura iska gajeriya mai ƙarfi sau ɗaya. Iskar za ta bi ta bayan maƙogwaro ta fito ta kafar da abin yake, ta turo shi waje. Likitoci sun san dabarar, suna ma sa iyaye su yi ta a gabansu. Wani nazari da mujallar ƙungiyar likitocin Kanada ta buga a 2012 ya tattara rahotannin da aka yi a kanta, ya gano tana yin aiki a wajen yara 60 cikin 100, kuma ba a samu rahoton cutarwa ba. A gwada sau ɗaya ko biyu. In abin bai fito ba, an gama da gida.

In kuwa yaro ya fara tari mai sarƙewa, ko numfashinsa na fita da ƙara, ko leɓensa ya sauya launi, ba a tsayawa gwada komai a hanci. A ruga asibiti mafi kusa, ko a kira 112.

Batir daban yake

Duk abin da na faɗa a sama game da wake da dutsen ado yana ba da 'yar dama ta sa'o'i. Ƙaramin batir mai kama da maɓalli ba ya ba da ita, kuma gidajenmu cike suke da shi. Yana cikin agogon hannu, makullin mota, kayan wasan yara masu wuta da kiɗa da ake zubawa a kasuwar Kejetia gab da Sallah. Yana cikin ɗan carbin zamani da ake sawa a yatsa ana dannawa, wanda alhazai ke rabawa tsaraba, kuma kakanni ke miƙa wa jikoki su yi wasa. Murfinsa da farce ake ɓalle shi.

In batir ya zauna a wuri mai laima kamar cikin hanci, wutar da ke cikinsa tana ratsa ruwan wurin ta haifar da sinadari mai cin nama, dangin sodar da ake dafa sabulu da ita. Cikin 'yan sa'o'i ya fara ƙona fata, in ya daɗe ya huda guringuntsin da ya raba kafofin hanci biyu. Hudar nan ba ta toshewa da kanta. Yaro ya girma da hanci mai ɓawo da haɓo, wani ma karan hancin ya lotsa. Ko batir ɗin da ya daina tayar da agogo yana da sauran ƙarfin da zai yi wannan ɓarnar.

Saboda haka in ana zargin batir ne, kada a ɗiga komai, ko ruwa, ko mai, ko maganin ɗigawa na kemis, don laima ce ke ƙara masa ƙarfi. Kada a jira gari ya waye, kada a jira maigida ya dawo daga kasuwa. Kuma in an isa asibiti a faɗi kalmar batir tun a bakin ƙofa, a wurin nas ta farko, don kada a zaunar da yaro a layin masu mura. Haka nan ƙananan maganaɗisu: in ɗaya ya shiga dama ɗaya ya shiga hagu, suna manne juna ta cikin bangon hanci su matse shi har naman ya mutu.

Majina mai wari a kafa ɗaya

Akwai yaran da ba wanda ya ga lokacin da suka cusa. Sun yagi soson katifa suna kwance, ko takarda a makaranta, suka tura, suka yi shiru don tsoron bulala. Bayan kwanaki sai majina mai kauri da wari ta fara zuba, wani lokacin da ɗan jini, kuma ta kafa ɗaya kawai. Warin kan kai inda sauran yara ke gudun zama kusa da shi a makarantar allo.

Mura kafa biyu take kamawa. Majina mai wari ta gefe ɗaya a ƙaramin yaro, a ɗauka akwai wani abu a ciki har sai an leƙa an ga babu. Amma abin da ake yi shi ne a je kemis a sayo maganin ruwa, warin ya lafa mako guda ya dawo, a sake sayo wani. Wasu har su fara zancen iska ko sammu. In abin ya shekara da shekaru, gishirin da ke cikin majina yana taruwa a jikinsa har ya zama dutse sosai. Akwai manyan da aka ciro wa irin wannan dutsen, da aka fasa sai ga abin da suka cusa tun suna yara.

Tsoron tiyata

A ganina wannan ne ainihin abin da ke sa mu riƙe yara a gida. Da an ce asibiti sai zuciya ta tafi kan wuƙa: za su tsaga masa fuska, za a sa shi barci ya ƙi tashi.

Tsoron yana da asali. A da, in za a yi aiki a kogunan da ke cikin ƙashin fuska, ta ƙarƙashin leɓen sama ake yankawa a fasa ƙashi, ko a tsaga ta gefen ido. Wanda ya ga ɗan'uwansa da kumburarriyar fuska bayan irin wannan aikin ba zai manta ba. Sai dai aikin ya sauya. Wani likita a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, Walter Messerklinger, ya yi shekaru yana nazarin cikin hanci da siririn madubi, daga aikinsa aka gina tiyatar da ta bazu a duniya a shekarun 1980. Na'urar, endoskof, sanda ce siririya mai haske da kyamara. Ta manya kaurinta milimita 4, ta yara ba ta kai 3 ba. Ta kafar hanci ake shigar da ita, likita na kallon komai a allo, kayan aikin ma ta nan suke bi. Ba a yanka fuska, ba tabo a waje.

Da ita ake nemo abin da ya shige can baya ko ya daɗe nama ya rufe shi. Da ita kuma ake yi wa manya aikin kogunan fuska, waɗanda suke guda huɗu a kowane gefe: a kumatu, a goshi, tsakanin idanu, da can baya a tsakiyar kai. Kowannensu yana da 'yar ƙofa da majina ke fita ta cikinta zuwa hanci. In ƙofar ta toshe, ko tsiron nama ya cika hanci, mutum ya yi ta fama da toshewa, nauyin fuska da rashin jin ƙanshi har sama da mako 12, magani kuma ya kasa, sai a ɗauki hoton siti-sikan, mai nuna cikin ƙashin fuska, a buɗe ƙofofin.

Ba zan ce aikin ba shi da haɗari ba. Wurin yana maƙwabtaka da ido da kuma ƙasan ƙwaƙwalwa, ana iya zubar da jini, tsiron nama kuma yakan dawo ga wasu. Shi ya sa ba a farawa da shi, sai an gwada wanke hanci da ruwan gishiri da maganin fesawa na tsawon lokaci. Amma yawancin yaran da suka cusa abu ba sa kaiwa ko kusa da nan. A kujera ake cire musu, su koma gida a ranar, matuƙar an kawo su kafin a jagwalgwala wurin.

Tun da zancen manya ya shigo: masu ɗiga maganin buɗe hanci na kemis tun farkon hunturu har ƙarshensa, ku sani in ya wuce mako guda shi kansa yake koma toshe hancin.

Kuɗi da layi

Wannan uzurin shi ne mai nauyi, ba na raina shi. Mai sayar da koko ko tuwo in ta tafi asibiti cinikin ranar ya tafi. Ga kuɗin mota, ga zaman jira, ga fargabar abin da za a ce a biya. Amma a auna da kyau. Cirewa a kujera wuni ɗaya ne. Cirewa a ɗakin tiyata akwai gwajin jini, maganin barci, wataƙila kwana, ga kuma uwa da za ta bar sauran yara. Tsinken da aka ɗauka don a tsira da kuɗin mota shi ke kai mutum ga na biyun.

Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka kafa dokarta a 2003, ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 biyan kuɗin shekara, sai ɗan kuɗin rajista ko sabuntawa. Ana sabunta kati ta waya da *929#. Abin takaici, a gidaje da yawa ba a tuna katin yaro ya mutu sai ranar da ake tsaye a gaban teburin asibiti. Wannan aikin iyaye maza ne, kuma bai kai kuɗin katin waya na mako ba.

Mu da ke Kumasi ma ba mu da bakin kuka kamar wasu. Likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ba su da yawa a Ghana, kuma akasarinsu suna Accra da Kumasi. Asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Jii, yana da sashensu, daga Aboabo, Asawase ko Sabon Zango kuwa tafiyar mota ɗaya ce ko biyu. Mutanen Nima, Mamobi da Fadama a Accra suna da asibitin Korle Bu. Akwai waɗanda ke tasowa daga ƙauyuka masu nisa don su samu abin da muke da shi a bayan gida.

Waɗanda nake kira

Ban yarda a ɗora wa uwa laifin cewa yaro ya cusa abu ba. Yaro tsakanin shekara biyu zuwa biyar aikinsa ke nan, ko ido goma ne a kansa. Dukansa kuma a ranar ba ya haifar da komai sai ɓoyewa a karo na gaba. Abin da ke hannunmu shi ne abin da za a yi bayan ya cusa, kuma wannan ilimi ne da ba ya cin minti biyar.

Nas-nas na ranar awo suna da iyaye mata a gabansu kowane wata. Su nuna dabarar hurawa da 'yar tsana, su ɗaga batir su nuna shi. Malaman makaranta da na Islamiyya su san ma'anar wari ta kafa ɗaya, don sau da yawa su ke fara jinsa. Gidajen rediyon da ke magana da mu da Hausa, irin su Zuria FM a Kumasi da Marhaba FM a Accra, su gayyato ma'aikatan sashen hanci, musamman gab da Sallah lokacin da kayan wasa ke cika gidaje. Limamai ma jumla biyu bayan sanarwar Juma'a ta isa ta kai saƙon ga iyaye maza.

Masu kemis su tsaya a iyakarsu. Lasisin sayar da magani bai haɗa da zura ƙarfe a hancin ɗan mutane ba, kuma sayar da maganin ruwa karo na uku ga yaro mai wari ta kafa ɗaya cin amana ne. Hukumar lafiya ta Ghana kuma ta tabbatar ƙananan asibitocin unguwa suna da fitilar goshi da ɗan ƙarfen nan mai lanƙwasa, da wanda ya iya amfani da su, ya kuma san lokacin da zai tsaya ya tura gaba. Kayan ba su da tsada. Hukumar kula da ingancin kaya ta duba kayan wasan da ke shigowa: murfin batir ya zama mai ƙusa da sai an kwance, in ba haka ba kada ya shiga kasuwa.

In ranar ta zo muku, ku tafi da irin abin da yaron ya cusa in akwai ɗan'uwansa a gida, don likita ya ga girmansa da siffarsa. Kada a ba yaro abinci ko abin sha a hanya don a lallashe shi, saboda in ya zama dole a sa shi barci, cikin da ke da abinci yana jawo jinkiri na sa'o'i. Kuma a faɗa wa nas gaskiyar duk abin da aka riga aka yi a gida, ko fil ne, ko mai, ko taba, da lokacin da abin ya shiga, don da wannan bayanin za ta san ko za a gwada a kujera ko a wuce kai tsaye wajen likita.